Kaset ɗin Yaya Sule

Daga shugaban makaɗan nan huɗu na Ingila, mai waƙa kamar an yi masa rasuwa, zuwa ga Malam Sule mutumin Kiru, mai dako a tashar jirgin ruwa ta Fatakwal. Gaisuwa da fatan alheri.

Bayan haka, labari ya iso mana cewa kai ka fara sauraronmu a duk ƙasar Kiru. An ce wani Bature ne ya bar maka kaset ɗinmu lokacin da kake wanke-wanke a otal ɗin Bagauda. Ko kalma ɗaya ba ka ji, amma kakan ce jitarmu kamar ruwan farko take a kan rufin kwano.

Ranar da rediyo ta ce mun watse, wai ko tuwo ba ka ci ba. Kwantar da hankalinka. Samarin ƙasarmu duk sun ɗauki salonmu. A wajenku ma mai shayin Kwanar Dangora yana fifita wuta yana gunagunin amshinmu. Jauro makiyayi kuwa har yau tambaya yake ko mawaƙin ya ga saniyarsa da ta ɓata.

An kuma kawo mana ƙarar ƙaninka Bala. Wai ya toshe ramukan kaset ɗin da takarda, ya danna jan maɓallin ɗaukar murya, ya yi kukan akuya a tsakiyar waƙar da ka fi so. Ba ka dake shi ba. Magana ka daina yi masa, bayan sati ka tafi. Shekara uku ke nan ba wasiƙa.

Abin da ba ka sani ba, rakodar ba ta tsaya ba da ka shigo. Ta ɗauki muryarka: "Kai Bala, Allah ya shirye ka." Inna ba ruwanta da kiɗan Turawa, amma duk Juma'a sai ta ce a sa mata wurin nan. A mayar baya, a sake. Zaren kaset ɗin ya fara taunewa, sau biyu ina liƙe shi da jan farce. Idonta ya yi rauni yanzu, muryar kaɗai ta rage mata.

Allah ya tsare ka, ya juyo da ƙafarka gida kafin zaren ya gaji.

Yaya, babu wani Baturen da ya rubuto maka. Ni ne, da ajamina karkatacce. Ka yafe mini. In ba za ka iya yi mini magana ba, zo ka yi wa Inna, ni sai in tsaya a zaure in ji.

Naka,
Bala