Kan Inna a Jirgin Ruwa

Daren Talata, Jibiya.

Wani direban Maraɗi ya kawo saƙon Yaya Sani, da ke wanke-wanke a jirgin ruwan 'yan shaƙatawa. Hoto ne irin na bangon jirginsu, amma da hannunsa ya zana: Inna bisa kujera, teku a bayanta.

Baba ya ce hoton mai rai ba ya zama gidansa. Ko in kankare kan kafin asuba, ko ya ƙone shi. Na ce, "Kan Inna zan kankare?" Saura kaɗan ya mare ni.

Reza na gabana. Ɗazu Inna ta leƙo, ta daɗe tana kallon hoton, ta naɗe shi cikin mayafinta.

Ta ce, "Gaya ma babanka, mai kan ta ɗauki kanta."