Yashin da Na Zubar

Laraba da dare, unguwar Tremont

Na kasa cin abinci. Tsohuwar da nake jinya tana da wata 'yar shuka a bakin taga, mai ganye kamar kaba, daga tsibirinsu can tsakiyar teku. Shukar ta riƙa ba ni tausayi, tukunyarta ba komai sai farin yashi da tsakuwa. Mu a gida wa ke shuka a wannan? Shekaranjiya tana barci na juye yashin a shara, na zuba baƙar ƙasa mai taki.

Yau ganyen ya fara yaushi. Tsohuwar ta tura yatsa cikin tukunyar, sannan ta ce, "Ina yashin? Daga kabarin mijina na ɗebo shi."

Na ce mata zan duba. In duba ina? Motar shara ta wuce tun jiya da asuba.