Ranar da Baffa Ya Cinye Kwanon Indomi

Ƙofar Dumi, Bauchi.

Zuwa ga ƙanwata Lailatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Nasiruddeen da yara. Allah ya tsare shi a bakin aikinsa, ya ba ku zama lafiya a Fatakwal, ya kuma sa da rabon mu gana. Mu nan kowa lafiya. Mahfuz ya shiga aji huɗu, girman kai ya ƙaru, karatu yana nan inda kika bar shi. Hamsatu ta zubar da haƙoran gaba, ba ta dariya sai da hannu a baki. Innata a Ƙofar Wambai ƙafar da sauƙi, har ta fara takawa zuwa gidajen barka. Na ji Toma, abokin aikin mijinki na barikin Shadawanka, zai taso wajenku, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Maganar da ke bakina ba ta waya ba ce, domin ke a waya kafin mutum ya kai aya kin fara kuka, sai in rasa wa zan rarrasa, ke ko kaina.

Maganar Baffa ce, kuma ki kwantar da hankalinki tun daga nan, labarin alheri ne. Kin san tun da aka ɗauko shi daga ruga bayan ciwon nan da ya taɓa masa ɓarin dama, abin da ya fi damunmu shi ne rashin ci. Hannu ya fara motsi, magana ta fara fita, amma mutum kullum sai ƙara ramewa yake, har rigarsa ta zama kamar ta aro. A zuwanmu asibiti na baya likita ya ɗora shi a sikeli, ya girgiza kai, ya ce in muka dawo ya tarar ya ƙara raguwa to kwantar da shi zai yi, a sa masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci. Kin kuma ji amsar Baffa, cewa kafin a yi masa haka gara a mayar da shi ruga ya cika kusa da shanunsa. Kin san mahaifinki, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace min, domin a gidana yake, daga tukunyata ake zuba masa, in ya tafi a haka da wane ido zan dube ku?

Wallahi Lailatu babu abin da ban dafa ba. Tuwon dawa miyar kuka, tuwon shinkafa miyar taushe, faten tsaki, dambu, farfesun kaza, kunun gyaɗa, har fura na sa ake kawo min da nono mai kyau don na san ita ya saba da ita. Ranar da aka sallamo shi ma'aikaciyar jinya ta ja min kunne, ta ce kada a bar shi shi kaɗai lokacin cin abinci, kada wani abu ya sarƙe shi babu kowa kusa. Ni kuwa na riƙe maganar nan da hannu biyu. In na kai kwano sai in shimfiɗa tabarma a gabansa, in buɗe masa, in ɗauki mafici ina yi masa fifita, ina cewa Baffa a daure a ci, Baffa ko loma ɗaya. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai, ya taɓa abincin kamar mai ɗanɗana magani, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. In kwashe kwanona in fito, in shiga kicin in yi hawayena. Har na fara zargin hannuna, ni da a gidanmu ake rububin miyata.

To ranar wata Talata aiki ya riƙe ni a makaranta, muna haɗa sakamakon jarrabawar yara, ban fito ba sai da rana ta yi ja. Ga cunkoso a hanya, mai Keke Napep ɗin da na samu kuma kamar da ƙafa yake tura ta. Ina shiga gida ana kiran magariba. Babu tuwo, babu miya, garin ma ban tankaɗe ba, yara sun bi ni da ido, maigidana yayanki bai dawo daga kasuwa ba. Na duba kicin, abin da na gani shi ne indomin yara, rabin kabeji, karas biyu da suka fara yaushi, tattasai, albasa, ƙwai, da ɗan sauran naman miyar jiya. Na ce to, yau dai sai abin da hannu ya kai.

Bari in gaya miki yadda na yi, don na san ke har yanzu jiƙa ta kike yi a ruwa ta yi lugub kamar kunu, ki ce kin yi girki. Na ɗora ruwa, kafin ya tafasa na yanka albasa da tattasai, na goge karas, na yayyanka kabejin siriri. Na kakkarya taliyar ƙanana tun tana cikin leda, na zuba, tana fara sakin jiki na sauke na tsane, ban bari ta nuna duka ba. Sai na ɗora kasko a wuta mai ƙarfi, na sa ɗan man shanu cokali guda, na soya ƙwan na ture shi gefe, na zuba albasa da naman da na daddatsa, sannan karas, kabeji a ƙarshe don kada ya mutu. Garin ɗanɗanon da ke cikin ledar kaɗan na barbaɗa, saboda likita ya hana Baffa gishiri da yawa, na cike gurbin da 'yar daddawa da citta. Na juye taliyar a kai, na yi ta juyawa da sauri har ta ɗauki mai ta yi sheƙi. Kafin masu sallah su gama fitowa daga masallaci abinci ya sauka, ƙamshin man shanu da daddawa ya cika gidan har zaure.

Yara dai na san ba su da matsala. Amma da na zuba na Baffa a kwano na tsaya ina kallonsa, sai kunya ta rufe ni. A ce dattijo kamar Baffa, surukina, mara lafiya, in durƙusa a gabansa in buɗe masa abincin da ake lallashin yara da shi? In Innata ta ji ai sai ta ce na zubar mata da mutunci a gari. Ba ni da wani abin ba shi, ga magani yana jira. Sai na yi sallama a bakin ƙofa, na tura kwanon ciki da cokali da ruwa, na ce Baffa a yi haƙuri da abin da ya samu, na juya da sauri kamar wadda aka koro. Maganar ma'aikaciyar jinya ma ban tuna da ita ba. Na yi sallah, na ba yara nasu, sannan na koma ɗauko kwano ina shirin ganin abin da na saba gani. Lailatu, kwanon nan wayam! Ko silin kabeji bai bari ba. Na duba ƙarƙashin gado, na leƙa bayan ƙofa ko kyanwar maƙwabta ce ta shigo. Shi kuwa yana kishingiɗe yana jan carbi, leɓensa na ƙyalli.

Daga nan sai kaina ya kumbura. Na ce ashe duk wahalar tuƙin tuwon nan a banza nake yi, tsoho abin zamani yake so. Washegari na biya kasuwar Wunti na sayo kayan lambu masu kyau, har da koren wake, na yi wadda ta fi ta jiya kyau nesa ba kusa ba. Na ɗauko tabarmata da maficina, na zauna a gabansa ina murmushi, ina jira in ga yadda abin yake shiga. Baffa ya ɗauki cokali, ya taɓa, ya ajiye, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Ranar kam raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Na fito da kwanon ina huci, na dire shi a gaban yayanki da shigowarsa ke nan, na ce ya zo ya gaya min laifin da na yi wa mahaifinsa, jiya ya cinye, yau na zauna ina yi masa fifita ya ƙi ko kallon abincin.

Yayanki ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, ya tambaye ni wai zama nake yi a gabansa in zai ci. Na ce to da ina zan zauna, a kan katanga? Sai ya yi salati, ya nemi wuri ya zauna. Ya ce Baffa tun da yake bai taɓa tauna abu a gaban suruki ba, mace ko namiji, ko da yunwa za ta kashe shi, haka aka tarbiyyantar da su. Ya ce ko a ruga in surukai suka zo, bayan bukka yake zagayawa da ƙwaryarsa. Na ce shi da ya san haka me ya hana shi faɗa min tun farko? Ya ce ai ya ɗauka kowa ya sani, kuma shi ɗan fari ne, ba ya shiga ɗakin lokacin cin abinci, bai taɓa ganin yadda nake yi ba. Shi kuma Baffa kunyar da ta hana shi ci ita ta hana shi cewa in tashi. Rashin sani ya fi dare duhu. Ni 'yar cikin gari, a gidanmu in ana son mutum tsare shi ake yi da ido sai ya cinye an ƙara masa, ashe ni da maficina muke neman kai bawan Allah ƙasa. Ke ma ba ki tsira ba, don duk wayar da muke yi kullum tambayarki me na dafa masa, ba ki taɓa tambayar ina nake zama ba. Ki shirya, in kin zo sai kin biya ni tarar wannan.

Sauran matsalar ita ce maganar sarƙewa, don ba zan iya barinsa babu kowa kusa ba. Sai na samo dabara. Yanzu in na tura kwano sai in saki labule, in ja takalmina da ƙarfi har tsakar gida don ya ji na tafi, sannan in cire su in dawo a hankali in zauna a bayan bango, kunnena na ciki. Ina jin ƙarar cokali, ina jin ya kurɓi ruwa, in ya yi tari in miƙe tsaye, in ya lafa in koma in zauna. Tuwo yana ci, fura yana sha, dambun da ya ƙi a da yanzu har suɗe kwano yake. Indomin dai ba kullum ba, sai ranar da na makara a makaranta, kuma na lura ranar kwanon ya fi saurin dawowa.

Jiya muka koma asibiti. Na kasa kallon sikelin, sai fuskar likita na kalla. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce tsoho ya ƙaru, maganar roba a ajiye ta, a ci gaba da duk abin da ake yi. Da sauran tafiya, ƙafar dama har yanzu tana ja, amma sannu ba ta hana zuwa. Da yamma na kai masa abinci, na yi jan takalmina kamar kullum, na lallaɓo na zauna. Ya ci, ya ajiye cokali, sai na ji ya yi gyaran murya. Ya yi magana a hankali, kamar da bango yake yi, ya ce mai zama a bayan labule ta riƙa shimfiɗa tabarma, ƙasan nan da sanyi. Ya ce ya haifi 'ya'ya mata, ya aurar, amma bai san Allah ya ɓoye masa wata a Bauchi ba sai da ciwo ya kawo shi, Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata. Ashe tun ranar farko ya san ina wurin. Ban iya cewa amin da ƙarfi ba, kada in ɓata mana tsarin, sai na toshe bakina da gefen mayafi na yi kukana, na farin ciki wannan karon.

Saboda haka kada ki tayar da hankalinki ki kamo hanya da yara a tsakiyar zangon karatu. Ki bari sai hutu, in Allah ya yarda da ƙafarsa zai fito zaure ya tarbe ki. Ki dai ci gaba da addu'a. Ki gaishe min da Nasiruddeen da kyau, da Rabi'atu da ƙaramin Auwalu, ki ce Gwaggonsu tana kewarsu. Ki gaida maƙwabciyarki Dorcas, na gode da man zafin da ta aiko, yana yi wa Baffa amfani. Yayanki yana gaishe ku, Innata ma haka, Mahfuz da Hamsatu sun ce a gaida 'yan'uwansu. Baffa bai ce a gaishe ki ba, kin san halinsa, amma da na ce zan rubuto miki sai da ya tambaya ko Toma mutum ne mai riƙon amana.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Taki har kullum,
Juwairiyya, matar yayanki.