Ruwan da Ke Wuyan Mama

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, kina kuma zuwa aiki a kan lokaci, don na san halinki da barcin safe.

Kumburin wuyan nan da kika dame ni a kansa, na kai shi asibiti. Sun ɗauki hoto. Likita ya ce maƙoƙo ne, ba ciwon daji ba, ruwa ne ya taru a cikin ƙullun. Ya zuƙe shi da allura ya nuna mini, ja kamar shayin da ya kwana. Na duba, ban ji komai ba. Washegari na koma aji wurin ɗalibaina. Kada ki zo. Mace mai hankali ba ta barin aikinta saboda ruwa.

Mahaifiyarki.

Mama,

Ina gaishe ki da jiki. Yaya ya ce wuyan ya sake cika, abinci ma sai kin kora da ruwa. Ya ce likita na so a yi aiki, kin ƙi. Waya kuma kin daina ɗauka. Wallahi ko faɗa ne ki kira ki yi mini, zan saurara. Don Allah ki yarda.

Autarki.

Auta,

Ina amsawa. Yayanki tun yana yaro bakinsa ba ya riƙe magana. E, ya cika, an zuƙe, ya sake dawowa. Likita ya ce jijiyar murya tana kwance dab da wurin, wuƙa na iya taɓa ta. Ba kasafai ba, in ji shi. Ni kuwa da muryar nan nake riƙe 'yan aji huɗu, da ita na tarbiyyantar da ku. Jiya ina karanta musu darasi, 'yan baya suka ce ba sa ji. Ashe kumburin ma ya fara danne muryar.

Na yarda. Ranar Talata ne. Ki gyara rubutunki, kamar kaza ta yi tono.

Mahaifiyarki.

Auta,

Gaisuwa. An yi aikin, sun ce ƙullun ba mugu ba ne. Muryar ba ta fito ba. Likita ya ce a jira, bai ce zuwa yaushe ba.

An ba wata sabuwar malama ajina. Yau na kai mata makullin kabad. Yaran suka miƙe suka gaishe ni, na ɗaga musu hannu. Suka tsaya a tsaye suna jira in ce su zauna.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.