Ihu Onarabul Ya Yi ko Hamma?

Baba Badaru, don Allah ka agaza mini, gidana na neman gagarata.

Ni manomi ne a wani ƙauye gefen Tsanyawa. Matata Maryam 'yar Matamaye ce ta Nijar. Tun da aka rufe iyaka ba ta sa innarta a ido ba, ga tsohuwar ba lafiya. To lokacin zaɓe ni na bi gida-gida ina tallan ɗan majalisarmu, har na rantse wa Maryam cewa mutumin nan ba zai taɓa bari a raba mu da dangi ba. Buhun gerona ma na ba 'yan kamfe, a wannan tsadar!

Da muka ji a rediyo an kawo maganar buɗe iyaka a majalisa, ta tambaye ni ɓangaren da Onarabul ɗina ya bi. Na garzaya wajen Malam Mika'ilu na firamare, ya nemo mini bidiyon a wayarsa. Ashe ba hannu suke ɗagawa ba, ihu suke yi gaba ɗaya, shugaba ya buga guduma. Mun kalla ya fi sau talatin. Namu yana can baya, ya buɗe baki kam. Ni na ce ihun goyon baya ne, Malam ya ce wallahi hamma ce. Mun kai wa liman, ya ce shi hula kawai ya gani.

Yanzu Maryam sai ta dire mini tuwo ta juya, ko sannu babu. Abin yana ci mini rai ƙwarai. In ce mata ya goyi baya, ko me?

Mai neman mafita, Tsanyawa

Ɗana, Allah ya ba ka haƙuri, amma ka mayar wa Malam wayarsa. Ƙuri'ar murya ba ta barin suna, ko shekara za ka yi kana kallo. Bibiyar wakilinka haƙƙinka ne, ban ga laifinka ba. Ku rubuta takarda, mutanen gari su sa hannu, ku kai ofishinsa na mazaɓa, ku nemi ya faɗi matsayinsa a rediyo da bakinsa. Shi ma kada ka yanke masa hukunci tun ba ka ji shi ba, buɗe iyaka ba a hannun mutum ɗaya yake ba.

Ƙarya kuwa kada ka soma. Maryam ba Onarabul ne ya dame ta ba, uwarta take kewa, kai kuma ka bar ta da kewar ka tafi binciken bakin ƙato. Ka zauna ka ce mata ba ka sani ba, ka kuma nemi afuwar rantsuwar da ka yi a kan abin da ba naka ba. Sannan ka sa kati, ka kira Matamaye, ka miƙa mata wayar ka fita waje, kada ka ce ta gajarta.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sada su da alheri.

Baba Badaru