Muryar da ke Cikin Lasifika

Zuwa ga Umma,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni da takwararki muna nan ƙalau.

Umma, akwai abin da na kasa faɗa a waya. Kin san aikinmu ni da marigayi ɗanki. Idan wani ƙaton tauraro ya fashe can nesa, yakan yi feshin wani haske mai tsananin ƙarfi da ake kira gamma. Tauraron ɗan'adam ne ke sanar da mu, mu kuma mu juya madubin hangen nesa mu bi ragowar hasken kafin ya dushe. Ɗan naki ne ya haɗa na'urar sanarwar, kuma don tsokana ya sa muryarsa a ciki. Wallahi na manta tana ciki.

Ranar Talata bayan magariba ina ɗakin kwamfutoci, takwararki na aikin makaranta a ƙasan tebur, sai lasifika ta ce, "Uwargida, ajiye shayin nan, an yi baƙo a sama." Kofin ya suɓuce mini. Yarinyar ta tashi da gudu tana leƙa bayan kabad tana kiran Baba. Haka na zauna na saita madubin, don hasken ba ya jira.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Maman Takwara

Zuwa ga Umma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, saƙonki ya iso, na gode.

Mun bi hasken. Ya yi ta raguwa a hankali, sai rana ɗaya ya faɗi warwas. Wannan faɗuwar ce ke nuna cewa feshin siriri ne kamar hasken tocila, kuma mu ya fuskanto. Irin awon da ɗanki ya yi shekaru yana nema ke nan. Abokan aiki suna ta murna, ni kuwa kujerarsa nake kallo.

Damuwata takwararki ce. Ta daina wasa, ta daina cin abincin kirki. Daga makaranta sai gindin lasifika. Na ji ta bayan salla tana roƙon Allah ya fasa wani tauraron don Baba ya yi magana.

Na bi shawararki. Injiniyanmu ya cire muryar ya sa ƙararrawa, ya ajiye mini ita har yarinyar ta girma. Na zaunar da ita na yi mata bayani, ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye ni ko Baba ya ji haushinmu ne.

Don Allah ki zo ki ɗan kwana biyu da mu. Ba don ita kaɗai ba. Jiya ƙararrawar ta buga, ɗakin cike da mutane, sai ji na yi na amsa da ƙarfi, "Na'am."

Ki gaida kowa.

'Yarki,
Maman Takwara