Allonka Ne Ya Tare Mana Rana, Alhaji

Zuwa ga Alhaji Mamuda, shugaban ƙungiyar 'yan asalin ƙauyenmu mazauna Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da harkar hatsi. Ina gaida 'yan kwamitinka baki ɗaya, waɗanda na yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife su da waɗanda ban sani ba.

Ni ne Isiyaku, ladanin masallacin ƙauyenmu na ƙasar Ɗantutture ta Kurfi, abokin marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Ban yi boko ba, ka sani. Malam Audu, tsohon malamin firamare, tsarana, shi ke riƙe da alƙalami, na kuma ce masa kar ya gyara mini baki. Na yi wasiƙar nan a buɗe ne domin sau uku ina zuwa shagonka a Dutsin-Ma. Zuwan farko aka ce ka tafi Shema sayen gero. Na biyu ka karɓe ni hannu biyu, ka ba ni lemo mai sanyi, ka ce, "Baba, wannan magana ta injiniyoyi ce, ka je ka huta." Na uku kau ka hango rawanina tun daga bakin titi, sai wani aiki na gaggawa ya taso maka a cikin sito. Na gode da lemon.

Labari ya iso mana cewa kun sa rana. Asabar ta sama za a zo a kwance faya-fayan solar da ke jan ruwa a rijiyar burtsatsenmu, a dasa babban janareta a madadinsu, saboda injiniyanku ya auna ya gano cewa ranar ƙasar Kurfi ba ta da ƙarfin ɗaga ruwa. Wannan bincike ya ba ni mamaki, ya kuma sanyaya mini rai. Tun ina bin mahaifina gona ranar nan take gasa mini ƙeya. Na ga ta ƙone gero yana cikin ɗaukar ciki, na ga ta kwantar da jaki a tsakiyar hanyar Wurma. Ashe duk raguwa ce. Da an sanar da mu da wuri, da ba mu wahalar da kanmu da saƙar malafa ba.

Ga abin da nake so ka ji.

Na farko. Janareta ba baƙo ba ne a garin nan, mun zauna da shi shekaru, sai dai kai lokacin ka riga ka koma birni. Bari in tuna maka da abin da ba ka gani ba. Injin nan ba ya shan komai sai man gas, man gas kuma ba a haƙa shi a Kurfi. Daga nesa yake zuwa, in ya ga dama. In damina ta yanke hanya, babu ruwa. In an yi dogon layi a gidan mai, babu ruwa. In ya yi tari ya mutu, sai a jira bakanike daga Dutsin-Ma, shi ma in ya ga dama. Randa yake da lafiya kuma, sai ƙara. Ni ladan ne, na san abin da nake faɗi: na sha kiran la'asar ina gasar murya da shi, mutanen bayan masallaci su ce ba su ji an kira ba. Hayaƙinsa ya mai da bangon makarantar allo baƙi. Baƙin man da yake zubarwa ya kashe mangwaron da mahaifinka ya dasa da hannunsa, kututturen yana nan in kana son gani. Duk ranar da ya ƙi tashi, matanmu ke ɗaukar tulu su gangara rafi su tona yashi. Wannan shi ne ci gaban da za ka dawo mana da shi ranar Asabar, har an ce za a yi masa sabon fenti.

Na biyu. Ba zan ci haƙƙinka ba. Kai ka tsaya tsayin daka, ka tattara 'yan uwanka, har aka kawo mana sola. Ranar da aka ɗora faya-fayan nan ni ne na fi kowa musu. Na ce ban taɓa ganin madubi ya ja guga ba. Na sha kunya, na kuma ji daɗin shanta. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba jiran mota. Rana ta fito, ruwa ya hau tanki, kafin azahar yana ambaliya. Makiyaya suka daina rigima da mata a kan wa zai fara sha, domin kwamin dabbobi kullum cike yake. Mai ɗakina Dije, wadda gwiwoyinta suka gama aiki tun tuni, ta ja ruwan da ke malala zuwa bayan danga ta shuka zogale da alayyafo da yakuwa. Sauran mata suka gani suka bi. A tsakiyar rani muka ci miyar ɗanyen ganye, abin da ko kakana bai ba ni labarinsa ba. Solar nan ta yi mana rana, Alhaji. Mun yi maka addu'a a masallaci ba tare da ka aiko an roƙa ba.

Na uku, kuma nan maganar take. A daminar da ta wuce ka aiko aka kafa allo a kusurwar kudu maso gabas da rijiyar, yana fuskantar hanya. Allo ne na gani na faɗa, ƙafafunsa na ƙarfe a cikin siminti, tsawonsa ya ɗara tankin kansa. Ga hotonka cikin babbar riga kana murmushi, hularka ta zarce saman allon, ga sunanka da manyan baƙaƙe waɗanda ko ni da ban iya karatunsu ba na san suna da girma. Ba mu yi hassada ba. Mun ma fita mun yi kallo, Dije ta ce ka yi ƙiba.

To, ga abin da ni na sani wanda ba a koyar da shi a inda injiniyanka ya yi karatu. Tun kafin agogo ya shigo garin nan, da inuwa muke sanin lokacin salla. Mutum ya tsaya a fili, ya ga inda inuwar kansa ta ƙare, ya auna da ƙafarsa, diddige a bakin yatsa. Haka mahaifina ya koya mini, haka nake yi har yau, ko da agogo a hannuna. Wanda ya yi wannan aiki shekara da shekaru ya san inuwa ba ta zama wuri ɗaya. Da damina rana tana bi ta tsakiyar ka, har ta ɗan karkata arewa, inuwa ta gajarce ta koma kudu. Bayan kaka sai ranar ta jingina kudu, inuwa ta yi tsawo ta miƙe arewa. An kafa allonka da damina, lokacin inuwarsa tana faɗawa gefen hanya, ba ta taɓa kowa. Da aka gama yankan gero sai ta fara juyowa, kullum da kaɗan, har ta hau faifan farko. Na ajiye dutse a inda ta tsaya. Bayan mako na ƙara wani. Yanzu tun daga hantsi har bayan azahar inuwarka tana kwance a kan faya-fayan kamar an shimfiɗa musu bargo, ga ma kan hularka nan a fili a kan na ƙarshe. Daidai lokacin da ranar ke da ƙarfi, injin jan ruwan yana barci. Sai inuwar ta sauka sannan ka ji ruwa ya fara zuba a tanki, ɗan abin da bai kai rabi ba kafin yamma.

Ba ni kaɗai na lura ba. Matan da ke layi a bakin famfo sun riga sun raɗa wa abin suna. In wata ta iso da jarka ta tambayi ko an samu, sai a ce mata, "Ina fa, Alhaji bai tashi ba tukuna." In ruwa ya kawo kuma ka ji guɗa, "Alhaji ya tashi, ku matso!" Ranar nan wata ta ce, "Kai, yau Alhaji ya yi nauyin barci, ko tuwon dare ya yi yawa?" Ban faɗa maka don in ɓata maka rai ba. Na ga dai ka kafa allo domin a riƙa ambaton sunanka, to ana ambatonsa, tun safe har azahar, babu fashi.

Na huɗu. Injiniyanka ya zo sau biyu, kuma duk biyun bayan la'asar ya iso, lokacin da inuwar ta tattara ta koma gabas, ranar kuma ta yi sanyi. Ya fito da wani ɗan akwati mai wayoyi, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ɗaga kai ya harari sama kamar mai tuhumar ta. Na matsa na ce, "Injiniya, da za ka zo da hantsi da ka ga abin da ke faruwa." Na nuna masa duwatsuna. Ya dubi duwatsun, ya dube ni, ya ce, "Baba, ai ba a auna wuta da tsakuwa." Ya ce mini in yi ta addu'a. Na ji daga baya ya faɗa maka tsufa ya fara taɓa ni. Mai yiwuwa ne. Amma tsohon da ya ruɗe bai taɓa kiran azahar kafin rana ta karkata ba, garin nan duk shaida ne. Kuma an ce mini shi injiniyan shi ne zai kawo janaretan, shi zai dasa, shi zai riƙa zuwa duba lafiyarsa. Allah ya sa masa albarka, mutum ne mai son taimako.

Yau kusan wata biyu ke nan Dije ta koma tsayuwar layi da gwiwoyin nan nata. Alayyafonta ya ƙone, zogalen kaɗai ke ta fama. Wasu matan sun fara komawa rafi. Samarin gari sun zo mini da diga da guduma suka ce in ba su izini su kwantar da allon. Na hana su. Na ce hoton ɗan abokina ne, ba za a kifa fuskarsa a ƙasa a garin ubansa ina raye ba. Shi zai zo da kansa ya matsar da abinsa. Sun ce ba za ka zo ba. Na ce ba su san ka ba. Kar ka sa su fi ni gaskiya.

Saboda haka ga roƙona, ba shi da yawa.

Ka ɗaga ranar da kuka sa. Ka zo ranar Juma'a, da hantsi, ba bayan la'asar ba, ka tsaya kusa da ni a bakin rijiya. Ka zo da injiniyan da akwatinsa. Ba sai na yi magana ba, ka ɗaga kai kawai ka dubi faya-fayan. Sannan ka sa a tuge allon a mai da shi arewa da rijiyar, taku goma sha biyu daga danga. Na auna wurin, na kuma san a kowane lokaci na shekara inuwarsa ba za ta taɓa komai ba sai ciyawa. Daga can ma mai tahowa daga Kurfi zai fi ganin murmushinka da kyau. In an yi haka kwana uku tanki bai cika kafin azahar ba, ni zan riƙe wa masu kwance faya-fayan tsani, kuma in tashi bayan salla a gaban jama'a in ce ladan ya ruɗe, a nemi wani.

In kuwa ba ka zo ba, motar janareta ta zo ranar Asabar, to ka faɗa wa masu aikin su taho da haƙuri mai yawa. Za su tarar da buzuna shimfiɗe a gindin faya-fayan, da butata, da carbina. Ni ba mai faɗa ba ne, ba zan ɗaga wa kowa murya ba. Zama kawai zan yi, kuma tsofaffin garin nan sun san ban iya tashi da wuri ba in na zauna a kan gaskiyata. Dije ta ce ita ma za ta kawo tabarmarta, tun da dai tsayuwa ta gagare ta.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya shirya maka zuriya, ya saka maka da alherin ruwan da ka shayar da mu, ya kai ladan kabarin mahaifinka. Allah ya ƙara maka girma, Alhaji, ya ɗaukaka sunanka sama da inda yake yanzu. Mu dai abin da muke nema, ya ɗaukaka shi ta arewa da rijiya.

Wassalam.

Naka, baban da ka ce ya je ya huta,
Isiyaku Ladan.